A koya wa ɗalibanmu yadda manhaja ke sauraren kafar siriyal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in yi magana a kan wani al'amari na fasaha wanda a ido ƙarami ne, amma yana cikin manyan dalilan da ke sa na'urorin da matasanmu suke haɗawa su yi aiki lafiya ranar da ake nuna su ga malamai, sannan su ƙi motsi da zarar an kai su gona ko kasuwa ko ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Sana'ata ita ce haɗa ƙananan na'urorin lantarki da rubuta manhajojin da ke tafiyar da su a nan Gombe, kuma duk ƙarshen zangon karatu ɗalibai sukan kawo mini ayyukansu na kammala makaranta in duba musu. Wani ya haɗa na'urar kunna famfon rijiyar burtsatse ta saƙon waya, wani sikelin da zai riƙa aika nauyin buhun masara zuwa kwamfuta, wani kuma na'urar bin sawun babur idan an sace shi. Kusan dukkansu sun dogara ne da kafar siriyal, kuma kusan dukkansu wuri ɗaya suke yin tuntuɓe, wato yadda manhajar take sauraren abin da ke shigowa ta wannan kafa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, kafar siriyal hanya ce da na'urori biyu suke aika wa juna bayani ta waya, bit ɗaya bayan ɗaya, a jere (bit shi ne mafi ƙanƙantar ɗigon bayani, 0 ko 1). Tsohuwar ƙa'idarta mai suna RS-232 ta fito ne a Amurka a shekarar 1960, tun zamanin da ake haɗa injinan buga saƙo da layin tarho. Kwamfutocin hannu na yanzu sun daina zuwa da ramin nan mai fil tara, shi ya sa wasu suke ɗaukar cewa abin ya zama tarihi, alhali kuwa ɓuya kawai ya yi. Yana nan cikin igiyoyin USB masu ɗauke da guntun CH340 ko FT232, yana jikin inbatar sola da mitar wuta da sikelin auna manyan motoci da injin gwajin jini, kuma ta nan ne allon Arduino, ƙaramin allon lantarki da ake sa wa manhaja, yake magana da kwamfuta da kuma ƙananan na'urorin GPS da na layin waya da ake liƙa masa.

Dole in kawo ɗan lissafi, domin duk maganar a kansa ta ginu. Gudun da aka fi amfani da shi a irin waɗannan ayyuka shi ne bit 9600 a daƙiƙa. Kowane harafi yana tafiya ne da bit 10, ɗaya na buɗewa, takwas na bayanin kansa, ɗaya na rufewa, saboda haka haruffa 960 ne suke wucewa a daƙiƙa guda, wato kowane harafi yana cin kusan milisakan 1. A wurin ɗan Adam wannan ƙiftawar ido ce ko ƙasa da haka, amma ƙwaƙwalwar da ke cikin Arduino Uno, wato ATmega328P, tana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa, don haka kafin harafi ɗaya ya gama shigowa ta riga ta buga sau dubu 16 da ɗoriya. Kwamfutar tebur kuwa ta ninka wannan nesa ba kusa ba. Abin da wannan ke nunawa shi ne manhaja kullum ta fi wayar sauri, kuma mafi yawan lokacinta zai tafi ne wajen jira. Tambayar da ke gaban mai rubuta manhaja ita ce yadda za a yi wannan jiran.

Hanyoyi biyu ne sanannu. A ta farko, manhaja tana neman a ba ta abin da ya shigo, sai ta tsaya cik a wannan layi ba ta yin komai har sai bayanin ya iso. Wannan zan kira shi tsarin tsayuwa. A ta biyu, manhaja tana gaya wa na'urar ko babbar manhajar kwamfuta cewa idan wani abu ya shigo a sanar da ita, sai ta ci gaba da sauran ayyukanta, in sanarwa ta zo ta juyo ta karɓa. Wannan shi ne tsarin sanarwa. Kamar maigida ne da ke tsammanin baƙo: ko dai ya fita ya tsaya a ƙofar gida ya zuba wa hanya ido ya bar duk abin da yake yi, ko kuma ya zauna cikin gida yana harkokinsa har sai ya ji sallama.

Da jin wannan, mai karatu zai ce ai ta biyu ta fi, kuma haka yawancin matasan da suka fara gogewa suke faɗa, har wasunsu suna raina duk wanda ya rubuta manhaja da tsarin tsayuwa. Ban yarda da wannan hukunci ba. Tsarin tsayuwa yana da wata babbar daraja, ita ce ana karanta shi daga sama zuwa ƙasa kamar yadda abin yake faruwa: aika tambaya, jira amsa, duba amsar, ajiye ta, koma farko. Wanda ya zo gyara bayan shekara biyu zai gane abin da ake nufi ba tare da ya sha wahala ba, kuma a wurinmu, inda sau da yawa wanda ya haɗa na'ura yakan tafi hidimar ƙasa ya bar ta a hannun wani, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Akwai kuma na'urorin da tun asali a kan tambaya da amsa aka gina su. Ƙa'idar Modbus, wadda kamfanin Modicon ya fitar a 1979 kuma har yau take cikin mitoci da inbatoci da na'urorin sarrafa gudun famfo, ba ta yarda ƙaramar na'ura ta yi magana ba sai babba ya tambaye ta. A kan RS-485, wani nau'in layin siriyal, ana iya jera na'urori har 32 a nisan da ya kai mita 1200, kuma babban yana bin su ɗaya bayan ɗaya yana tambaya. Wanda zai rubuta ƙaramar manhajar da aikinta kawai ta karanta mitoci uku kowane minti ta rubuta a fayil, babu abin da zai ƙaru da shi idan ya ɗora wa kansa tsarin sanarwa, sai dai ƙarin wuraren da kuskure zai ɓuya.

Inda tsarin tsayuwa yake zama masifa shi ne idan aka bar shi ba wa'adi. A kunshin pySerial da masu rubuta manhaja da harshen Python suke amfani da shi, idan mutum ya buɗe kafa bai faɗi tsawon lokacin jira ba, to karatun zai tsaya har abada sai adadin haruffan da aka nema ya cika. A kan tebur wannan ba ya nuna kansa, domin igiyar gajeriya ce, wuta tana nan, na'urar kuma kullum tana amsawa. A fili kuwa ɓera yakan ci waya, batir yakan yi sanyi da asuba, wutar lantarki takan ɗauke a tsakiyar saƙo, janareta yakan watsa hayaniya cikin layi har harafi ɗaya ya ɓace. Manhajar da ta nemi haruffa takwas ta samu bakwai za ta zauna jiran gawon shanu. Idan tana da fuska a kan Windows, wato tagar da mai amfani yake gani, bayan kamar daƙiƙa biyar tagar za ta dushe a rubuta cewa ba ta amsawa, ma'aikacin da ke gabanta kuma ya kashe kwamfutar da ƙarfi, wataƙila tare da bayanan awon ranar. Idan kuwa ƙaramin allo ne da ke riƙe da famfo, abin ya fi muni, domin yana iya tsayawa a daidai lokacin da famfon yake kunne, tanki ya cika ya yi ta zuba, ko ruwan rijiya ya janye injin ya ci gaba da juyawa a bushe har ya ƙone. Manomin rani a Dadin Kowa da ya sayi irin wannan na'ura ba zai san cewa layi ɗaya ne a cikin manhaja ya jawo masa asarar ba, abin da zai riƙe kawai shi ne kayan haɗin gida ba su da inganci, kuma wannan suna ne da yake shafar dukkanmu.

Maganin wannan ba shi da tsada. Kowane jira a sa masa wa'adi, kuma a rubuta abin da za a yi idan wa'adin ya cika: a sake tambaya sau nawa, daga nan a kashe famfo, a kunna fitilar gargaɗi, a rubuta a fayil cewa na'ura kaza ba ta amsa ba. A babbar manhajar Linux ana daidaita wannan da ƙimomi biyu, VMIN da VTIME, na farko yana faɗin mafi ƙarancin haruffan da za a jira, na biyu yana faɗin lokaci da ma'aunin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. A Arduino, umarnin karanta jerin haruffa yana zuwa da wa'adin daƙiƙa ɗaya tun daga gida, ana kuma iya rage shi. Bayan wannan akwai agogon tsaro da ke cikin ATmega328P, wanda zai sake tayar da allon idan manhaja ta yi shiru fiye da lokacin da aka ɗiba mata, mafi tsawonsa daƙiƙa 8. Abin takaici ne a ga na'urar da za a bari ita kaɗai a daji ba a kunna mata wannan agogo ba.

Sai dai akwai na'urorin da wa'adi kaɗai ba zai wadatar a kansu ba, su ne waɗanda suke magana ba tare da an tambaye su ba. Sikeli da yawa suna zubo nauyi ne ba tsayawa. Na'urar GPS tana aiko da jimlolinta kowace daƙiƙa bisa ƙa'idar NMEA 0183, kowace jimla ta fara da alamar dala, tsawonta kuma yana iya kai haruffa 82. Ita kuwa ma'ajiyar da Arduino Uno yake tara abin da ya shigo kafin manhaja ta ɗauka, haruffa 64 kawai take ci, domin gaba ɗaya ƙwaƙwalwar aikin allon kilobayit 2 ce. A gudun 9600 wannan ma'ajiya tana cika cikin kusan milisakan 67, a gudun 115200 kuma cikin ƙasa da milisakan 6. Yanzu a duba abin da ɗalibi yake yi idan ya rubuta umarnin delay, mai tsayar da manhaja, na daƙiƙa ɗaya domin fitila ta yi walƙiya ko rubutu ya daɗe a kan allo. Idan layin yana cike a wannan daƙiƙar, haruffa 960 ne za su iso, sittin da 'yan kai su samu wuri, sauran kusan 900 su zube ba tare da wata sanarwa ba. Tun da yawancin haɗe-haɗenmu waya uku ce kawai, ta aikawa da ta karɓa da ta ƙasa, babu layukan RTS da CTS da za su ce wa mai aikowa ya dakata. Ɗalibin zai ga lambobin wuri sun fito a gutsure, sai ya ce na'urar GPS ɗin jabu ce aka sayar masa, ya koma kasuwa ya sayi wata.

Na'urorin layin waya irin su SIM800L sun fi kowanne rikitarwa, domin suna haɗa halayen biyu. Ana ba su umarni da harshen AT, wanda ya samo asali daga modem ɗin kamfanin Hayes na 1981, suna kuma amsawa da OK ko ERROR. Amma idan saƙo ya shigo, na'urar tana cusa layi mai farawa da +CMTI a duk lokacin da ta ga dama, idan kira ya shigo kuma ta rubuta RING. Manhajar da ta aika umarni ta tsaya tana jiran OK tana iya karɓar wannan sanarwa a maimakonsa, ta ɗauka kuskure ne ta watsar, shi ke nan saƙon da manomi ya aiko cewa a kashe famfo ya tafi a banza. Aika saƙo kansa yana iya ɗaukar daƙiƙu masu yawa idan sabis ya yi rauni, kamar yadda yake yi a ƙauyuka da dama na wajen Dukku da Nafada, kuma duk tsawon wannan lokaci manhajar da ke tsaye ba ta duba ma'aunin ruwa ba ta jin maɓallin gaggawa. A irin wannan aiki ba ni da shakka cewa tsarin sanarwa, ko wani abu mai kama da shi, shi ne daidai.

To amma a nan ne nake son malamai su fi tsayawa, domin ɗalibin da ya koma tsarin sanarwa yakan shiga da wani zato wanda ba gaskiya ba ne. Yana zaton duk lokacin da aka sanar da shi, cikakken saƙo ne ya iso. Kafar siriyal ba ta san saƙo ba, haruffa kawai ta sani. Idan sikeli ya aiko da nauyin kilo 102.5, sanarwar farko tana iya zuwa da 10 kaɗai, ta biyu ta zo da 2.5 tare da farkon awo na gaba. Kamfanin Microsoft da kansa ya rubuta a bayanin ajin SerialPort na .NET, dandalinsa na rubuta manhaja, cewa babu tabbacin za a tayar da sanarwar DataReceived a kan kowane harafi da ya shigo. Yadda bayanin zai rarrabu ya danganta da direba, wato manhajar da ke haɗa kwamfuta da igiyar, da nauyin aikin da ke kan kwamfutar da irin igiyar da aka yi amfani da ita, misali guntun FTDI yakan riƙe 'yan haruffa har milisakan 16 kafin ya miƙa su idan ba su cika ƙunshi ba. Shi ya sa manhaja takan yi daidai a kwamfutar ɗalibi ta kuma rubuta kilo 10 a madadin 102.5 a kwamfutar ɗan kasuwa. Wannan kuskure ya fi tsayuwar manhaja haɗari, domin manhajar da ta tsaya kowa ya ga ta tsaya, amma wadda ta rubuta lambar ƙarya a rasit sai an yi rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa kafin a gano.

Abin da ya kamata shi ne a raba aikin gida biyu. Sashen da ke karɓar sanarwa aikinsa kawai ya kwashe duk abin da ya shigo ya zuba a ma'ajiyar manhaja ya fita. Wani sashe dabam shi ne zai duba ma'ajiyar ya ga ko an samu cikakken saƙo, ta hanyar neman alamar farko da ta ƙarshe, ko ta ƙirga tsawon da saƙon ya faɗa da kansa. In ya cika a cire shi a yi aiki da shi, abin da ya rage a bar shi ya jira sauransa. Sannan a tantance shi: jimlar NMEA tana ƙarewa da alamar tauraro da lambobin tantancewa biyu, saƙon Modbus kuma yana ɗauke da lambar CRC mai bit 16, kuma duk saƙon da lissafinsa bai yi daidai ba a jefar da shi. A kuma sa wa ma'ajiyar iyaka, domin idan alamar ƙarshe ta ɓace a hanya kada ta yi ta kumbura har ta cinye ƙwaƙwalwar allon. Modbus na nau'in RTU yana da wata wahala tasa, domin shiru ne yake raba saƙo da saƙo, shirun da ya kai tsawon haruffa uku da rabi, wato kusan milisakan 4 a gudun 9600. Wanda yake karantawa ta igiyar USB mai jinkirin milisakan 16 ba zai iya auna wannan shiru daidai ba, gara ya dogara da tsawon amsar da yake tsammani da kuma lambar tantancewa. Wannan aiki na gane iyakar saƙo wajibi ne a kowane tsari aka bi, sai dai tsarin tsayuwa yakan rufa wa mai sakaci asiri na ɗan lokaci, tsarin sanarwa kuwa yakan tona shi da wuri.

Akwai wasu tarkuna biyu da nake yawan gani. Na farko, a .NET sanarwar tana zuwa ne a kan wani zaren aiki (wato sashen manhaja da ke gudana a lokaci guda da sauran) dabam da wanda ke riƙe da fuskar manhaja, saboda haka taɓa akwatin rubutu kai tsaye daga cikinta yakan jawo kuskure, dole a miƙa aikin ga zaren fuska ta hanyar Invoke ko BeginInvoke. Duk bayanin da zare biyu suke taɓawa kuma yana bukatar kulle, in ba haka ba ɗaya yana rubutu ɗaya yana gogewa, a samu kuskuren da yake fitowa sau ɗaya a mako wanda ba a iya maimaita shi a gaban mai gyara. Na biyu ya shafi Arduino. Akwai aikin da ake kira serialEvent, wanda sunansa yake sa ɗalibai su ɗauka cewa da harafi ya shigo za a katse komai a kira shi. Ba haka yake ba, ana kiransa ne kawai bayan babban zagayen loop ya kai ƙarshe, kuma ba a kowane allo yake aiki ba. Idan akwai delay a cikin zagayen, ma'ajiyar za ta cika ta zube kamar dā. Katsewar gaskiya tana faruwa ne a can ƙasa, inda guntun yake ɗaukar harafi ya sa a ma'ajiyar nan mai 64, kuma abin da ya rage wa mai rubutu shi ne ya tabbatar zagayensa yana juyawa da sauri, yana leƙa ma'ajiyar kowane juyi, yana kuma auna lokaci da millis, mai ƙirga milisakan tun daga kunna allon, a maimakon tsayawa.

Ko a tsarin sanarwa wa'adi bai faɗi ba, domin idan na'ura ta mutu babu sanarwar da za ta zo ta ce ta mutu. Manhajar za ta ci gaba da nuna tsohon awo a kan allo kamar sabo ne, ma'aikaci kuma ya yarda da shi. Dole a riƙa rubuta lokacin da saƙo na ƙarshe ya iso, idan shirun ya wuce ƙima a ɗauka layin ya yanke. A nan ma akwai abin lura ga masu na'urorin da za su yi watanni a kunne, kamar na noman rani: ƙirgar millis tana cika ta koma sifili bayan kusan kwana 50. Wanda ya auna wa'adi ta hanyar debe lokacin farawa daga lokacin yanzu, da irin lambar da ba ta da alamar ragi, zai wuce wannan gaɓa lafiya. Wanda ya tara wa'adin a kan lokacin farawa ya kwatanta kuwa, na'urarsa tana iya rikicewa a tsakiyar kakar aiki, lokacin da ya riga ya karɓi kuɗinsa ya manta da ita.

A kan kwamfuta akwai hanya ta tsakiya wadda ni na fi ba ɗalibai shawara a kanta idan manhajarsu tana da fuska. A ware zaren aiki guda wanda ba shi da wani aiki sai karanta kafar da tsarin tsayuwa mai gajeren wa'adi, yana haɗa cikakkun saƙonni yana jera su a layi, zaren fuska kuma yana ɗauka daga layin. Da haka an samu sauƙin karatun tsarin farko, fuska kuma ba ta daskare ba. Allon ESP32 ma yana ba da damar yin haka, tun da yana tafiya da FreeRTOS, babbar manhajar ƙananan alluna mai raba aiki zare-zare. Idan kuwa kafofin suna da yawa, kamar cibiyar da ke sauraren na'urori goma tare da intanet a lokaci guda, to kiran select, wanda ya shigo babbar manhajar Unix tun 1983, ko danginsa na baya irin su poll da epoll, yana barin zare ɗaya ya saurari dukkansu.

Don haka idan ɗalibi ya tambaye ni wanne zai bi, nakan mayar masa da tambayoyi biyu. Wa yake fara magana, manhajarka ko na'urar? Kuma a lokacin da kake jira, akwai wani abin da ba zai iya jira ba, kamar maɓallin kashewa ko ma'aunin ruwa ko mutumin da ke zaune gaban allo? Idan kai ne kullum mai tambaya kuma babu abin da ke ƙonewa a bayanka, yi tsayuwa mai wa'adi ka huta. Idan na'urar tana magana da kanta, ko akwai aikin da jira zai cutar, to ka ɗauki wahalar tsarin sanarwa ko zare na musamman, ka kuma yi ta har ƙarshe, da haɗa saƙo da tantancewa da lura da shiru.

Roƙona ga malaman sassan injiniyan lantarki da kimiyyar kwamfuta na jami'o'i da kwalejojin fasaha na jihohin Gombe da Bauchi shi ne su shigar da gwaji na wahala cikin ranar da ɗalibai ke gabatar da ayyukansu gaban malamai. Na san yawan ɗalibai da ƙarancin kayan aiki suna takura su, amma abin da nake nema ba ya bukatar sayen komai. A zare igiyar siriyal ana tsakiyar aiki a ga abin da manhajar za ta yi, a mayar da ita a ga ko za ta farfaɗo da kanta. A kashe na'urar da ke ɗaya ɓangaren a bar manhajar a kunne. A aiko da rabin saƙo daga wata kwamfuta, a dakata, a aiko da sauran, sannan a aiko da saƙo biyu a manne da kuma tarkacen haruffa marasa ma'ana. Ga mai na'urar layin waya, a kira lambar a daidai lokacin da take aika saƙo. Gwajin gaba ɗaya ba zai wuce minti goma ba, kuma ina ba da shawarar a ware masa maki na kansa a takardar tantancewa, a kuma sanar da ɗalibai tun farkon zango cewa za a yi shi, domin su tsara manhajarsu da saninsa tun daga layin farko.

Na gode da filin da aka ba ni.

Naka mai karatu,
Wani mai haɗa na'urorin lantarki,
daga Gombe.